Iskar kabon a tiyatar laparoskopi: sa barci ko allurar baya?

"Assalamu alaikum Likita, barka da aiki. Ni ƙaramin ma'aikacin sa barci ne a ɗakin tiyata na wani asibiti a nan Maraɗi. Likitan fiɗarmu ya fara yin aikin ciki ta ƙananan huji da kyamara, kuma na lura cewa duk lokacin da aka hura iskar kabon a cikin majinyaci, lambar kabon a na'urarmu sai ta riƙa hawa. Wani abokin aikina ya ce ya karanta cewa idan aka yi aikin da allurar baya kabon ba ya hawa, don haka gara mu bar sa barci mu koma allurar baya, tun da ɗakunan tiyata biyu gare mu amma ma'aunin kabon ɗaya ne tak. Shin gaskiya ne? Wace hanya ce ta fi kiyaye majinyaci?"

Wa alaikumus salam ƙanena, barkanmu da aiki, Allah ya ƙara basira. Tambayarka biyu ce a haɗe. Ta farko ta ilimi ce: shin yawan iskar kabon dayoksaid da ke taruwa a jinin majinyaci lokacin tiyatar laparoskopi, wato aikin ciki ta ƙananan huji da kyamara, yana bambanta gwargwadon hanyar da aka bi aka kashe masa jiki? Ta biyu ta halin aiki ce: idan akwai bambancin, shin allurar baya za ta fid da ku daga ƙarancin ma'aunin kabon? Amsar ta farko e ce, kuma abokin aikinka bai ƙagi zancen ba, haka aka gani a binciken da aka yi. Amsar ta biyu kuwa a'a ce, kuma a kanta zan fi daɗewa, domin a nan ne rai yake iya salwanta. Kabon da aka hura zai shiga jini ko da wace hanya aka kashe jiki. Abin da yake bambanta shi ne wanda aka ɗora wa nauyin fitar da shi, ko majinyacin da kansa ko kai da na'urarka, da kuma ko kana da idon ganin an fitar ɗin.

Dalilin da ya sa kabon ake hurawa

Cikin mutum ba shi da fili, domin hanji da hanta da tumbi duk a manne suke da bangon ciki, don haka kafin likitan fiɗa ya ga abin da yake yi dole a ɗaga bangon da iska. Georg Kelling na Jamus, wanda ya fara leƙa cikin kare ta wannan hanya a 1901, da iskar da muke shaƙa ya yi amfani, kuma Hans Christian Jacobaeus na Suwidin ya gwada aikin a kan mutane a 1910. A 1924 ne Richard Zollikofer na Suwizalan ya ba da shawarar a koma kabon dayoksaid. Aikin bai bazu sosai a tsakanin likitocin fiɗar ciki ba sai bayan da Erich Mühe ya cire matsarmama ta wannan hanya a Jamus a 1985, Philippe Mouret kuma ya yi haka a Liyon ta Faransa a 1987.

An tsaya a kan kabon ne saboda ba ya ruruta wuta, alhali likitan fiɗa yana ƙona jijiyoyin jini da lantarki a cikin ciki, ga shi da arha, sannan yana narkewa a jini kusan sau 20 fiye da oksijin. Idan ɗan kaɗan ya kuɓuce ya shiga jijiya, zai narke huhu ya fitar da shi, saɓanin iskar sarari wadda kumfarta kan daɗe har ta toshe hanyar jini. To amma wannan saurin narkewa da ya sa aka zaɓe shi, shi ne kuma ya jawo abin da kake gani a na'urarka.

Yadda yake taruwa a jini

Babban mutum da ke kwance yana hutawa jikinsa yana samar da kabon kusan mililita 200 a minti, huhu kuma yana fitar da daidai wannan, shi ya sa matsin kabon a jinin jijiya mai bugu yake zaune tsakanin milimita 35 zuwa 45 na ma'aunin zaiba. Ka ɗauke shi kamar hayaƙi a madafa: yawan da za ka tarar a ciki ya dogara ne da itacen da ake turawa a murhu da kuma faɗin tagar da hayaƙin ke fita. Hura ciki yana taɓa ɓangarorin biyu a lokaci guda.

Ta ɓangaren shigowa, tantanin da ya lulluɓe kayan ciki yana da faɗi da yalwar ƙananan jijiyoyi, sai ya riƙa tsotse kabon yana kai shi jini. Ta ɓangaren fita kuwa, matsin da aka saba hurawa, milimita 12 zuwa 15, yana tura tantanin da ya raba ciki da ƙirji, wanda zan riƙa kira tantanin ƙirji, zuwa sama, ƙasan huhu ya matse, sauƙin buɗewar huhu da ƙirji ya ragu da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Idan kuma aikin na mara ne aka sunkuyar da kan majinyaci, kayan ciki sai su ƙara dannowa. Aikin matsarmama ya fi sauƙi ta wannan fuska tun da kai ake ɗagawa, sai dai a can jinin da ke komawa zuciya ne yake raguwa.

Abin da nake so ka riƙe sosai shi ne siffar hawan. Idan ba a taɓa na'urar numfashi ba, kabon yana hawa a hankali daga fara hurawa, ya kai ƙarin kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari, sannan ya tsaya a mataki ɗaya cikin minti 15 zuwa 30. Ɗaya daga dalilan tsayawar shi ne matsin da ke cikin ciki yana danne ƙananan jijiyoyin da ke tsotsewar. Wannan hawa na farko abu ne da ake sa rai, ba abin firgita ba. Hawan da ya ƙi tsayawa, ko wanda ya sake tashi bayan ya lafa, shi ne mai neman bincike.

Me ya sa muke damuwa da shi? Duk ƙarin milimita 10 na kabon yana sauke ma'aunin pH na jini da kusan 0.08, wato jini yana ƙara tsami. Bugun zuciya yana ƙaruwa, hawan jini ya tashi, bugun kuma yana iya rikicewa. Jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa suna buɗewa matsin cikin kai ya hau, na huhu kuwa suna tsukewa ɓangaren dama na zuciya ya sha wuya. Idan ya yi yawa matuƙa, shi kansa maganin barci ne, majinyaci ya ƙi farkawa bayan an gama aiki. Lafiyayyen matashi yana jure ƙarin kaɗan ba tare da wata illa ba, amma ba kowa ake kawo mana lafiyayye ba.

Sa barci da tiyo da na'urar numfashi

A nan majinyaci ba ya da hannu a numfashinsa. Mun kashe masa tsoka, mun sa tiyo a maƙogwaro, ƙwaƙwalwarsa ko ta ji kabon ya ƙaru ba ta da yadda za ta yi. Don haka lambar da ka ga tana hawa ba aibin sa barci ba ce, saƙo ne gare ka cewa lokacin ƙara numfashi ya yi. Ƙarin kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari na iskar da ke shiga da fita a minti yana isa ga yawancin mutane. Ni na fi ƙara yawan numfashi a kan ƙara girmansa, misali daga 12 zuwa 14 ko 16 a minti, in bar girman a mililita 6 zuwa 8 ga kowane kilo na nauyin da ya dace da tsawon mutum, domin huhun da aka riga aka matse daga ƙasa bai kamata a cika shi da ƙarfi daga sama ba. Ina kuma barin ɗan matsi na ƙarshen numfashi, kamar santimita 5 na ruwa, don kada ƙasan huhu ya rufe. Ba na bin lambar 35 ido rufe. Idan riƙe ta a can zai sa matsin hanyar iska ya yi yawa, na gwammace in bar ta kusa da 45 a mutumin da ba shi da ciwon ƙwaƙwalwa ko na zuciya.

Dangane da maganin da ake riƙe barcin da shi, ko na jijiya irin furofofol ko na shaƙa irin aisofuloren da sebofuloren, idan na'ura ce ke numfashi bambancinsu a kan kabon ƙanƙane ne, bai kai a zaɓi ɗaya a bar ɗaya saboda shi ba. Furofofol ya fi rage amai bayan aiki, wannan kuwa amfani ne na gaske a laparoskopi, amma wani zance ne daban. Wanda zan ja kunnenka a kansa shi ne halotan, wanda har yanzu ana samunsa a wasu ɗakunan tiyata na ƙasashenmu. Halotan yana sa zuciya ta zama mai saurin rikicewa idan adiranalin, sinadarin da jiki ke saki mai hanzarta zuciya, ya ƙaru a jini, kabon mai yawa kuma adiranalin yake tayarwa. Idan shi kaɗai gare ku, to sai a ƙara tsananta wa kabon, kada a bar shi ya hau.

Akwai kuma abin da na ga matasa da yawa suna mantawa, wato ƙwayoyin sodalayim da ke tsotse kabon a cikin na'urar sa barci. Laparoskopi yana ƙara musu aiki, zafi da bushewar iskarmu kuma ba sa taimaka musu idan an bar gwangwanin a buɗe. Launinsu yana juyawa idan sun gaji, amma wanda ya juya jiya yana iya komawa fari da safe alhali ƙarfinsa ya ƙare. Abin da ba ya ruɗi shi ne zanen kafnogiraf, wato ma'aunin kabon da ke zana kowane numfashi a allo: idan layin bai sauko sifili ba lokacin shaƙa, majinyaci yana sake shaƙar kabon ɗinsa ne, ko daga sodalayim ko daga bawul da ya maƙale.

Ka kuma sani cewa lambar da na'ura ke nunawa ta ƙarshen numfashi ce, ba ta jini ba. A lafiyayye tazararsu milimita 2 zuwa 5 ce, ta jini ce a sama. A mai ciwon huhu ko na zuciya, ko wanda jininsa ya zuba, tazarar tana buɗewa ba tare da sanarwa ba, sai ka ga 38 a allo alhali jini ya haura 50. Inda ake da na'urar auna iskar jini, irin waɗannan ne ake ɗibar wa jini a tsakiyar aiki.

Allurar baya: abin da yake gaskiya da sharuɗɗansa

Mutumin da aka yi wa allurar baya idonsa biyu, ƙwaƙwalwarsa tana aiki. Da zarar kabon ya fara ƙaruwa, cibiyar numfashi da ke gindin ƙwaƙwalwa za ta ji, ta ƙara sauri da zurfin numfashi tun kafin shi kansa ya lura. Jijiyar da ke motsa tantanin ƙirji daga wuya take fitowa, daga gaɓa ta 3 zuwa ta 5, don haka allurar ba ta kai gare ta. Shi ya sa binciken da aka yi a kan mata da aka yi wa laparoskopin mara da allurar baya ko ta gefen laka ya nuna kabon na jini bai canza ba, abin da ya ƙaru shi ne yawan iskar da suke shaƙa a minti. An yi gwaji a Girka da aka buga a 2008, inda aka raba majinyata 100 masu aikin matsarmama tsakanin sa barci da allurar baya, da matsin da bai wuce milimita 10 ba, aka ga aikin yana yiwuwa kuma ciwon bayan aiki ya fi sauƙi ga waɗanda aka yi wa allurar baya. A Indiya ma an yi wa dubban mutane haka.

Sai dai ka dubi su wa aka yi wa, da yadda aka yi. Yawancinsu zaɓaɓɓu ne, marasa ƙiba mai yawa, marasa ciwon huhu ko zuciya mai tsanani. Matsin da aka hura ƙarami ne, 8 zuwa 10, aikin gajere, likitan fiɗar gwani ne mai sauri, kuma na'urar sa barci da tiyo da ma'aunai duk suna nan a shirye. Sakamakon irin wannan bincike ba ya tafiya kai tsaye zuwa ɗakin da likitan fiɗa bai daɗe da fara laparoskopi ba, inda aikin da zai ɗauki minti 40 yake iya kai awa biyu, kuma yake buƙatar fili mai yawa don ya gani da kyau. Wannan ba zargi ba ne, kowa haka ya fara.

Allurar kanta sai ta hau har daidai kan nono, wato gaɓa ta 4 ta ƙirji, kafin a iya aikin saman ciki. A wannan tsayi tsokar ciki da ta ƙasan haƙarƙari sun mutu, tari ya yi rauni, hawan jini yana faɗuwa, kuma jijiyoyin da ke hanzarta zuciya, waɗanda ke fitowa daga gaɓa ta 1 zuwa ta 4 ta ƙirji, an fara taɓa su. Miƙewar tantanin ciki lokacin hurawa kuma tana iya sauke bugun zuciya farat ɗaya, shi ya sa atirofin, maganin da ke ɗaga bugun zuciya, yake kasancewa a zuƙe cikin sirinji tun kafin a fara. Duk numfashin ya rage a kan tantanin ƙirji shi kaɗai, wanda kuma ake turawa daga ƙasa.

Yanzu ga inda haɗarin yake. Kabon da miƙewa suna sosa ƙasan tantanin ƙirji, kuma tun da jijiyarsa daga wuya take, majinyaci a kafaɗa yake jin ciwon, galibi ta dama, allurar baya kuwa ba ta kai can. Sai ya fara nishi, ya ce numfashinsa yana sarƙewa, ya fara motsi. Likitan fiɗa ya ɗago kai ya ce a kwantar da shi. Sai a ba shi diyazefam ko midazolam, a bi da fentanil ko wani ɗan'uwansa, in bai lafa ba a ƙara ketamin ko furofofol kaɗan. Kowane ɗaya daga magungunan nan, ban da ketamin wanda ya fi sauran sassauci, yana dusashe cibiyar numfashin nan da muka dogara da ita tun farko, haɗa su kuma ya fi kowane ɗaya muni. Cikin minti kaɗan ka wayi gari da mutumin da ba ya numfasa wa kansa yadda ya kamata, kai ma ba ka numfasa masa, maƙogwaronsa ba a kare ba, cikinsa a cike da iska, tumbinsa yana iya amayowa. Ya rasa amfanin farkawa, bai kuma samu kariyar sa barci ba. A duk hanyoyin da ake bi, wannan tsaka-tsakin ne na fi jin tsoro, kuma shi ne inda kabon ya fi hawa.

Abin da ya ƙara masa muni shi ne ma'aunin oksijin na yatsa ba zai gaya maka ba. Mutumin da aka sa wa oksijin a hanci yana iya rage numfashinsa da rabi, kabon ya yi ta taruwa, allo kuma yana nuna 98 ko 99 na tsawon lokaci. Zufa da saurin bugun zuciya da hawan jini da kabon ke jawowa kuma sai a ɗauka ciwo ne, a ƙara maganin da ya haddasa matsalar. Saboda haka majinyacin da ke laparoskopi da allurar baya shi ma yana buƙatar ma'aunin kabon. Ana iya maƙala siririn tiyon ɗaukar iska a cikin abin rufe hanci, kuma ko da lambar ba za ta zama daidai ba saboda oksijin yana surka ta, zanen zai nuna maka kowane numfashi da lokacin da ya fara ja baya.

Ban ce kada a yi ba. Ina yin allurar baya ga gajeren aikin mara a siririyar mace mai natsuwa wadda aka yi wa bayani ta yarda, da sharaɗin da nake gindaya wa likitan fiɗa tun a waje: matsi ba zai wuce 10 ba, a hura a hankali, kada a sunkuyar da kai da yawa, kuma idan ciwon kafaɗa bai lafa da rage matsi da ƙaramin magani sau ɗaya ba, a saki iskar mu sa barci da tiyo ba tare da jayayya ba. Haka nan sa barci da ketamin ko maganin shaƙa a bar mutum yana numfashi da kansa, wanda muka saba da shi a wasu ƙananan ayyuka, ba na yarda da shi a laparoskopi in ba leƙe na ƴan mintoci ba, domin mai barci ba ya iya ƙara numfashi gwargwadon buƙata.

Idan lambar ta yi abin da ba a zata ba

Hawan da ya ci gaba bayan rabin awa, mafi yawan dalilinsa iska ce ta shiga ƙarƙashin fata. Wata rana muna aikin ƙaba ta bayan tantanin ciki, irin aikin da ake hura kabon cikin nama ba cikin kogon ciki ba, wanda kuma tsotsewarsa ta fi yawa kuma ba ta tsayawa da wuri, lambar ta riƙa hawa duk da na ƙara numfashi. Na sa hannu ƙarƙashin mayafin tiyata na taɓa ƙirji da gindin wuya, fata tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin yatsa. Aka saki iskar, muka numfasa masa har lambar ta sauko, aka gyara bututun da ya zame aka ci gaba da ƙaramin matsi, kuma ban cire tiyo ba sai da na tabbata kumburin wuya bai matse hanyar iska ba. Ka mayar da wannan taɓawa al'ada a duk dogon aiki.

Idan hawan ya zo tare da tashin matsin hanyar iska da faɗuwar oksijin, ka saurari ƙirji ta ɓangarorin biyu. Ko dai tiyo ya zarce cikin reshe ɗaya saboda an tura huhu sama, ko kabon ya ratsa ya shiga kogon ƙirji. Idan kuma ya zo da sandarewar tsoka da zafin jiki bayan maganin shaƙa ko maganin kashe tsoka na sukzametoniyam, a tuna da mugun zazzaɓin da waɗannan magunguna kan tayar wa wasu mutane, ko da yake ba kasafai ake ganinsa ba. Faɗuwar lamba farat ɗaya ta fi hawanta gaggawa: ko tiyo ya cire, ko zuciya ta kasa tura jini saboda zubar jini, ko kumfar kabon ta shiga babbar jijiya, wanda ya fi faruwa a mintocin farko na hurawa. A nan sai a tsayar da hurawa, a saki ciki, a ba da oksijin zalla, a kwantar da shi ta gefen hagu kai a ƙasa, a tallafi zuciya. Babu ɗaya daga waɗannan da za ka gane da wuri in babu kafnogiraf.

Majinyatan da muke gani a nan

Masu ciwon sikila suna yawan samun duwatsun matsarmama saboda fashewar ƙwayoyin jini, don haka za su zo muku, wasu ma da ƙuruciya. Tsamin jini da ƙarancin oksijin da sanyi da ƙishirwa duk suna lanƙwasa ƙwayar jini, saboda haka a gare su sa barci da na'ura, ƙaramin matsi, ruwa isasshe da ɗumi na fi zaɓa, a kuma sa ido kan ƙirjinsu kwanakin farko bayan aiki. Matan da suka samu ciwon zuciya bayan haihuwa, wanda sananne ne a ƙasar Hausa, zuciyarsu ba ta jure matsin ciki ko faɗuwar jinin allurar baya mai tsayi, don haka macen da ta haihu cikin watannin baya tana haki ko kumburin ƙafa a duba zuciyarta kafin a sa ta a jeri. Mai juna biyu kabon ɗinta na asali kusan 30 ne, ba 40 ba, kuma jaririn ta jininta yake zubar da nasa, don haka a riƙe lambarta kusa da 32. Wadda cikin wajen mahaifa ya fashe mata jini ya zuba, allurar baya ba tata ba ce sam. Wanda tarin fuka ya ɓata wa huhu, ko tsohuwar da ta yi shekaru tana shaƙar hayaƙin itace, su ne masu buɗaɗɗiyar tazarar nan tsakanin allo da jini, kuma wani lokaci buɗe ciki da gajeren aiki ya fi musu alheri. Hukuncin kowane ɗayansu sai wanda ya duba shi da idonsa, tare da babban likitan sa barcin da ke kula da ku, ba daga rubutu irin wannan ba.

Ma'auni ɗaya, ɗaki biyu

Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da tarayyar ƙungiyoyin likitocin sa barci ta duniya a 2018 sun sa na'urar gano kabon cikin abubuwan da ake matuƙar buƙata ga duk wanda aka sa wa tiyo. Shawarata ita ce ku gyara jerin aiki maimakon ku canza hanyar kashe jiki. Ma'aunin ya zauna a ɗakin laparoskopi daga farko har ƙarshe, kada a ɗauke shi a tsakiya ko na minti biyar. A lokacin, ɗaya ɗakin ya ɗauki ayyukan da dama can da allurar baya ake yin su, irin ƙabar da ake buɗewa da aikin ƙafa da fiɗar haihuwa da aka tsara. Ranar da ma'aunin ya lalace, ko babu tabbacin wutar lantarki da oksijin har ƙarshen aiki, a ɗage wanda zai iya jira, wanda ba zai jira ba a buɗe ciki. Akwai kuma hanyar ɗaga bangon ciki da ƙarfe ba tare da iska ba, wadda ake yi da allurar baya a wasu asibitocin karkara na Indiya, sai dai tana buƙatar kayanta da horonta. Ku rubuta buƙatar ma'auni na biyu ga shugabannin asibiti da hujja, kuna iya ambata cewa ƙungiyoyin Lifebox da Smile Train sun fito da kafnogiraf mai sauƙin kuɗi a 2023 domin asibitoci irin namu.

Sakin iska ba ya nufin kabon ya ƙare. Jiki yana ajiye shi a tsoka da sauran nama, yana sakinsa a hankali bayan aiki, daidai lokacin da sauran maganin kashe tsoka da na ciwo suke rage numfashi. Kada a cire tiyo lambar tana sama, a roƙi likitan fiɗa ya matse sauran iskar kafin ya rufe huji, kuma a ɗakin farfaɗowa a ƙirga numfashi da agogo, wanda ya sauka ƙasa da 10 a minti ko ya ƙi farkawa a kira ka nan take ko da oksijin ɗinsa yana da kyau. A kuma gaya wa majinyaci da masu jinyarsa tun kafin aiki cewa ciwon kafaɗa na kwana ɗaya zuwa uku daga iskar ne kuma yana wucewa, amma haki ko ciwon ƙirji ko kumburin wuya abin a sanar da ma'aikaci ne ba tare da jira ba.